Tiyatar gyaran fatar ido: a fara gano dalilin sakin fatar ko kumburin

Fatar ido, wadda wasu ke kira marfin ido, ita ce fata mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Shi ya sa alamun shekaru kan fara bayyana a wurin. Fatar sama takan saki ta rufto kan gashin ido, ƙasan ido kuma ya kumbura kamar 'yar jaka, har a riƙa tambayar mutum ko bai yi barci ba. Akwai tiyatar da ake yi don gyara wannan. Likitoci na kiranta bilefarofilasti, sunan da wani likitan Jamus, Karl Ferdinand von Graefe, ya raɗa mata a 1818.

Tiyatar na da amfani ga wanda ta dace da shi. Amma akwai cututtuka da dama da ke fara nuna kansu a fatar ido, wasunsu na iya makantarwa, wasu ma na barazana ga rai. Don haka kafin a yi maganar wuƙa, sai likita ya tabbatar da abin da ya kawo matsalar.

Yadda shekaru ke canza fatar ido

Ƙwayar ido na zaune ne a cikin kitse da ke kare ta, akwai kuma wani siririn tantani da ke riƙe kitsen a bayan fata. Yayin da shekaru ke ja, galibi daga 40 zuwa sama, fatar kan rasa ƙarfinta, tantanin ya yi rauni, kitsen ya turo gaba. A sama sai a ga rarar fata, a ƙasa kuma kumburi. Gado na taka rawa, shi ya sa ake ganin haka ga wasu tun suna 'yan shekara 30. Daɗewa cikin rana, shan taba da yawan murza ido na gaggauta shi.

Irin wannan canji yana zuwa a hankali cikin shekaru, a idanu biyu, ba ciwo, ba ja. Shi ne wanda wannan tiyata ke gyarawa. Ga wasu kwalliya ce kawai. Ga wasu kuma fatar ta sauko har tana tare musu gani ta sama da ta gefe, suna ɗaga gira ko haɓa kafin su ga hanya, goshi na yi musu ciwo da yamma. A nan tiyatar ta zama magani.

Alamomin da ke nuna cewa ba tsufa ba ne

A je asibiti, kada a nemi tiyatar kwalliya, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Kumburin ido da safe tare da kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa. Wannan na iya zama ciwon ƙoda, musamman ga yara.
- Kumburin fuska da hannu ga mai juna biyu, tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani. A auna jininta a ranar, domin yana iya zama share fagen jijjiga.
- Idanu sun firfito, ga rama, bugun zuciya da yawan zufa. Ciwon maƙoƙo kan yi haka.
- Fatar ido na faɗuwa da yamma ko bayan gajiya, ta gyaru bayan hutu. Akwai ciwon raunin tsoka da ke farawa da haka, kuma da magani ake fara kula da shi.
- Ido ɗaya ya rufe farat ɗaya, ana ganin abu biyu-biyu, ko da matsanancin ciwon kai. Wannan na gaggawa ne.
- Kumburi da ja da zafi da zazzaɓi, musamman ga yaro. Ƙwayar cuta ce, tana iya shiga bayan ido.
- Ƙullutu ko gyambo a bakin fatar ido da ya ƙi warkewa, ko hazbiya da ke ta dawowa a wuri ɗaya.

Akwai kuma saukar fatar ido gaba ɗayanta, wadda ke faruwa idan tsokar da ke ɗaga ta ta yi rauni ko ta saki. Yanke rarar fata ba ya gyara wannan, tsokar ake ɗaurewa. Idan an haifi yaro da ido ɗaya a sauke har yana rufe tsakiyar baƙin idon, kada a jira ya girma. Ƙwaƙwalwa na koyon gani ne a shekaru 7 zuwa 8 na farko, idon da ya daɗe a rufe zai iya zama rago har abada.

Amodari: tiyatar fatar ido da ba ta jira

Kebbi na cikin jihohin Arewa da aka daɗe ana yaƙi da amodari, tare da tallafin ƙungiyar Sightsavers. Cutar na kama mutum tun yana yaro, ta hanyar ƙuda, hannu da tsumman goge fuska. Idan ta yi ta maimaituwa, cikin fatar ido kan yi tabo, fatar ta yi nauyi ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar baƙin ido a duk ƙiftawa. Ƙarshensa hakiya da makanta. Ta fi kama mata, saboda su ke tare da yara.

Dattijuwar da ke yawo da hantsaki tana tsige gashin idonta, idon na hawaye, ba ta son haske, ba tsufa ke damunta ba. Tsigewa na kawo sauƙin 'yan kwanaki ne, gashin ya sake fitowa. Tiyatar da take buƙata daban ce: ana tsaga fatar a juya bakinta waje, cikin kimanin minti 20 a kowane ido, kuma ma'aikatan jinyar ido da aka horar suna yin ta. Tana cikin matakai 4 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 1993: tiyata, maganin kashe ƙwayar cutar, wanke fuska da tsabtar muhalli. Da su Gana ta kawar da amodari a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 2018.

Yadda ake yin tiyatar

Idan an tabbatar rarar fata ce ko kitse, likita zai auna ƙarfin gani da faɗinsa, ya duba yawan hawaye, ya ɗauki hoto. Galibi allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum na farke, kuma ranar yake komawa gida.

A fatar sama, ana bin layin da fatar ke naɗewa, a cire rarar fata da ɗan kitse idan da buƙata, a ɗinke da siririn zare. Tabon na ɓuya a cikin naɗin. A fatar ƙasa, ana iya shiga ta ciki, inda ba a ganin tabo, a rage kitsen ko a baza shi. Idan akwai rarar fata, sai a tsaga dab da ƙasan gashin ido. Fatar sama kaɗai kan ɗauki kusan awa 1, sama da ƙasa kuma kusan awa 2.

Tiyatar ba ta cire baƙin da ke zagaye ido, ba ta ɗaga girar da ta sauko, ba ta kuma hana tsufa ci gaba. Fatar sama na iya sake saki bayan shekaru.

Abin da za ku faɗa wa likita

Ku sanar da shi idan kuna da hawan jini, ciwon suga, hawan jinin ido, bushewar ido ko matsalar daskarewar jini. Ku kai masa duk magungunan da kuke sha, har da na gargajiya. Asfirin, ibufurofen, dikulofenak da magungunan tsinka jini na ƙara zubar jini, amma kada ku daina wanda likita ya ɗora ku a kai sai da izininsa. Mai shafa man bilicin ta faɗa ba tare da jin kunya ba, domin yawancinsu na sirantar da fata, su jinkirta warkewa. Haka wanda ciwonsa kan warke da tabo mai tudu. Mai shan taba ya daina makonni kafin ranar.

Bayan tiyata

Kumburi da taruwar jini kan ƙaru a kwana 2 zuwa 3 na farko, su ragu cikin mako 2. Ana cire zare bayan kwana 5 zuwa 7. A kwana da matashi 2, a riƙa ɗora tsabtataccen ƙyalle mai sanyi, a shafa maganin da aka bayar kawai. Ban da kwalli, ban da murza ido, ban da ɗiga ruwan ganye ko nono. A guji ɗaukar kaya masu nauyi da dogon sunkuyo na mako 2, a kuma tambayi likita yadda za a yi da wanke fuska da sujada a kwanakin farko.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace da ƙaiƙayin sussuka da shiƙar dawa na cutar da idon da bai gama warkewa ba. Manomi ya zaɓi lokacin da zai iya barin gona mako 2 zuwa 3. Mai shirin biki ko Uhola ya ba da tazarar aƙalla mako 6. Ga masu baƙar fata, layin ɗinkin kan yi duhu na 'yan watanni kafin ya washe.

Haɗarin da ke ciki

Bushewar ido, hawaye da ɗan dishi-dishi na kwanaki abu ne da aka saba gani. Idan aka cire fata fiye da kima, ido kan kasa rufuwa lokacin barci, baƙin ido ya bushe ya yi gyambo, kuma mayar da fatar da aka yanke aiki ne mai wuya. Fatar ƙasa na iya juyewa waje, ko idanu biyun su bambanta. Mafi muni, ko da yake ba kasafai ba, shi ne zubar jini a bayan ƙwayar ido, wanda ya fi faruwa a awa 24 na farko. Alamarsa matsanancin ciwo, ido ya firfito ya yi tauri, gani ya ragu. A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, domin jinkirin awa 1 zuwa 2 na iya cinye ganin.

Ina za a nufa daga Zuru?

A fara da Babban Asibitin Zuru, a auna jini, suga da fitsari, a duba idon, a karɓi takardar turawa idan akwai buƙata. Akwai likitocin ido a asibitin gwamnatin tarayya da ke Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. A nemi likitan ido da ya ƙware kan fatar ido, ko likitan tiyatar gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci ta Najeriya. Wanzami, mai shagon kwalliya da mai kemis ba su da hurumin taɓa fatar ido.

Tunda duk waɗannan garuruwa tafiya ce mai nisa, a shirya kwana kusa da asibitin aƙalla dare 2, tare da ɗan rakiya, a kuma sa kuɗin komawa cire zare cikin lissafi. Inshorar lafiya ba ta saba biyan tiyatar kwalliya zalla ba, don haka a tambayi jimillar kuɗin tun farko. A kuma tambayi likita sau nawa yake yin irin aikin, da lambar da za a kira idan wani abu ya taso da dare.

Wanda fatar idonsa ta saki a hankali saboda shekaru yana da lokacin yin shawara da tara kuɗi. Wanda gashin ido ke gogar idonsa, ko kumburin ya zo da wata alama daga cikin waɗanda aka lissafa a sama, ya je asibiti cikin makon nan.