Baƙin Mai Da Sanyin Hunturu

'Yan'uwa manoma, in hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, musamman a Jos da tsaunin Mambila, mukan ga tarakta da injin ban ruwa suna wuyar tashi da asuba. Sau da yawa baƙin mai ne sanadi. Sanyi yakan sa shi kauri, ya yi jinkirin zagaya inji, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Sai mu duba lambar jikin galan. A 15W-40, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. Mai lamba 40 kaɗai ya fi yin kauri da safe. Man sintetik, wanda ake haɗawa a masana'anta, ya fi saurin gudu, ya fi jure zafi, amma da tsada. Mai lamba 0W ya fi amfani a ƙasashen ƙanƙara kamar Kanada. Sanyinmu bai kai nan ba.

Kafin ƙungiya ta fid da kuɗi, a duba littafin injin. Mu kuma riƙa share matatar iska, gama ƙurar hunturu ta fi sanyi ɓarna.