Oberlin: Garin da Aka Haifa Tare da Makarantarsa

Ranar 13 ga Satumba, 1858, wani yaro ɗan manomi ya ja John Price zuwa bayan gari da zancen ƙwadagon tonon dankali. Ashe biyan yaron aka yi. Price bawa ne da ya gudo daga jihar Kentaki, ya yi shekara biyu yana zaune a Oberlin, wani ɗan ƙaramin gari a arewacin jihar Ohayo ta Amurka. Suna fita gari mafarautan bayi suka tare su, suka jefa shi a keken doki, suka nufi garin Wellington mai nisan kamar kilomita 14, inda za su jira jirgin ƙasan da zai yi kudu da shi.

Kafin a ce kwabo labari ya game Oberlin. Masu kantuna suka rufe, ɗalibai suka bar karatu, baƙi da farare kowa ya nemi abin hawa. Ɗaruruwan mutane suka yi wa otal ɗin da aka tsare Price ƙawanya. Da lallami ya ƙi ci, sai wasu suka kutsa sama suka fito da shi. An ɓoye shi a gidan wani malamin kwalejin, James Fairchild, daga nan aka tsallakar da shi Kanada. A idon gwamnatin tarayya wannan laifi ne ƙarara, domin dokar 1850 ta wajabta mayar da bawan da ya gudu hannun ubangidansa, ko da ya shiga jihar da babu bauta. An tuhumi mutum 37, an ɗaure biyu: Simeon Bushnell kwana 60, Charles Langston kwana 20.

Me ya sa wannan ɗan ƙauyen ya iya yi wa gwamnati tsaurin ido haka? Amsar tana cikin yadda aka kafa shi. Galibi gari ake samu tukuna, makaranta ta biyo baya. Oberlin kuwa tagwaye aka haifa. A 1833 wasu malaman addinin Kirista biyu, John Shipherd da Philo Stewart, suka shiga wani kurmi mai fadama da taɓo suka ce a nan za su gina gari da kwaleji a lokaci guda, nesa da abin da suke gani lalacewar birane ce. Sunan ma na wani fasto ne na yankin Alsas a Faransa, wanda suke sha'awar yadda ya yi wa talakawan karkara hidima. Duk mai son zama sai ya sa hannu a kan alkawari: babu taba, babu giya, babu kwalliyar tufafi, har shayi da kofi an nemi a ƙaurace musu gwargwadon iko. Ɗalibi kuma zai yi karatu, ya yi aikin ƙarfi.

Ba a daɗe ba aljihun kwalejin ya bushe. Ana cikin haka sai ga wasu ɗalibai da suka fice daga wata makarantar tauhidi a Cincinnati don an hana su muhawara a kan bauta. Suka ce za su zo Oberlin, attajirin nan na New York Arthur Tappan kuma zai kawo kuɗi, amma da sharaɗi: a riƙa ɗaukar baƙar fata. Kada mu ɗauka mutanen garin da gudu suka karɓa. Da yawa sun ƙi, kuma da kwamitin amintattu ya zauna a Fabrairun 1835, ƙuri'a ta tashi huɗu da huɗu, sai shugaban zaman, John Keep, ya raba gardama da tasa. Ƙuri'a ɗaya tak, ga kuma matsin rashin kuɗi a bayanta. Ni dai wannan bai rage darajar abin a idona ba, don bayan sun amince ba su janye ba.

A 1837 aka ɗauki mata karatun digiri tare da maza, uku daga cikinsu suka kammala a 1841. A 1862 Mary Jane Patterson ta karɓi nata digirin, ita ce ake ɗauka mace baƙar fata ta farko da ta yi hakan a Amurka. Har daga Afirka an zo: John Dube, wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama ANC a Afirka ta Kudu, ya yi karatu a nan. Iyalan baƙar fata 'yantattu suka yi ta ƙaura zuwa garin, suka zama maƙera, magina da masu ɗinkin takalma. Biyu daga cikin mutanen garin, John Copeland da Lewis Leary, sun bi John Brown, mai yaƙi da bauta, harin da ya kai Harpers Ferry a 1859, kuma babu wanda ya dawo da rai.

Amma zafin nan bai ɗore yadda aka fara ba. Bayan yaƙin basasa wariya ta lallaɓo ta shigo ɗakunan cin abinci da na kwanan ɗalibai, har da shagunan aski na cikin gari. Ƙyamar giya ce ta fi daɗewa. A Oberlin aka kafa ƙungiyar yaƙi da gidajen giya a 1893, wadda ta taka babbar rawa wajen haramta giya a duk Amurka a 1920.

Dukiyar kwalejin kuwa daga rumfar itace ta fito. A Fabrairun 1886 wani tsohon ɗalibi, Charles Martin Hall, yana gwaje-gwaje a rumfar da ke bayan gidansu tare da taimakon yayarsa Julia, ya gano hanyar tace alminiyam da lantarki cikin araha. Daga nan kamfanin Alcoa ya samo asali. Da Hall ya rasu a 1914 ya bar wa kwalejin miliyoyin daloli, da sharaɗin a rushe gine-ginen da ke filin tsakiyar gari a bar shi fili. Shi ne Dandalin Tappan na yau: ciyawa da manyan itatuwa, da duwatsun da ɗalibai ke shafa wa fenti suna rubuta saƙonni, da wasu fararen kurege da kowane baƙo ke fatan gani.

Yau mutanen garin kamar 8,500 ne, ɗaliban kwalejin kuma kusan 3,000, a nisan tafiyar ƙasa da awa guda daga birnin Cleveland. Makarantar kiɗa da aka kafa a 1865 tana shirya ɗaruruwan wasanni a shekara, yawancinsu kyauta ga kowa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gidan adana zane-zane na Allen. Tun 1940 yake ba ɗalibai hayar zane, yanzu har da na asali na Picasso, a kan ɗan kuɗi kaɗan na zangon karatu guda. Ɗalibi ya ɗauka ya rataye a ɗakinsa kusa da tawul da jakar littattafai, ƙarshen zango ya maido.

Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. Kwalejin ce babbar mai ba da aiki, ita ke da filaye masu yawa da ba a biya musu harajin gida, ɗalibanta kuma da dama 'ya'yan masu hali ne daga manyan birane, masu zuwa su yi shekara huɗu su wuce. A Nuwamban 2016 aka kama wani ɗalibi baƙar fata da laifin satar giya a gidan burodin Gibson's, kantin da iyali ɗaya ke riƙe da shi tun ƙarni na 19. Washegari ɗalibai suka cika ƙofar kantin suna zargin masu shi da wariya. Ɗalibin daga baya ya amsa laifi. Masu kantin suka kai kwalejin ƙara cewa jami'anta sun mara wa ɓata musu suna baya, kotu ta ba su gaskiya a 2019, kuma bayan ɗaukaka ƙara ta ci tura, kwalejin ta biya sama da dala miliyan 36 a 2022. Tsakanin ƙofar kantin da ciyawar Dandalin Tappan, titi ɗaya ne kawai.