Kumburin muƙamuƙi: Me ya sa likita ke gutsurar ƙashi kafin ya ba da magani?

A ƙauyukan Yauri da ke yankin Matamaye a jihar Damagaram, idan muƙamuƙi ya kumbura akan ce hangum ne ko ciwon haƙori, wani lokaci a ce jifa ne. Daga nan sai wajen wanzami, ya cire haƙorin ko ya yi sakiya. Kumburin da ba ya zafi kuwa, shi aka fi yi wa sakaci.

Cututtuka biyu kan zo da kama ɗaya. Akwai ameloblastoma, ƙari mai tsirowa cikin ƙashi, galibi a muƙamuƙin ƙasa, yana cinsa a hankali tsawon shekaru, kuma maganinsa tiyata. Akwai kuma sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Yara ta fi kamawa, musamman inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana girma cikin makonni, kuma da allurai ake yaƙarta. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, dole a gutsuro ɗan yanki a duba a ɗakin gwaji.

Gutsurar ce ke da haɗari. Cikin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe ji, ga kuma saiwoyin haƙora. Kuskure kaɗan na iya barin leɓe a mace, ko a ɗebo lafiyayyen ƙashi a ce babu komai.

A sabuwar dabarar, ana ɗaukar hoton sikana mai nuna ƙashin ta kowace fuska, likita ya zana hanyar da zai bi a kwamfuta. Sai na'urar 3D ta ƙera wani murfi da ke hawa kan haƙoran majinyaci daram, da 'yar kafa wadda abin huda zai bi, a kusurwa da zurfin da aka tsara.

Sai dai amfaninta ya fi yawa ne lokacin da ƙarin yake ƙarami, a ɓoye cikin ƙashi. Mutumin Yauri da ya shekara uku yana jira kafin ya isa babban asibitin Damagaram, ko ya tsallaka iyaka zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ya riga ya wuce nan: ƙarin ya fito fili, kuma aikin kan kai ga cire wani ɓangare na muƙamuƙin.

'Yan ci-ranin Aljeriya da Libiya da ake kira su turo kuɗin "maganin haƙori" suna iya tambaya: kumburin ya wuce mako biyu? Haƙora na girgiɗi ba dalili? Leɓen ƙasa ya daina ji?