Gangar Daƙiƙa Bakwai da Kiɗan da Ba Ya Jiran Mai Rawa

Duk wanda ya ratsa ta wurin masu tura waƙa a kasuwar Sabon Gari, ko ya bi bakin titin Samaru da yamma lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke fitowa neman abinci, da wuya a ce bai taɓa jin wani irin kiɗa yana tashi daga lasifika ba. Ganga tana gudu ba ta numfashi, sai muryar wani ta faɗo ciki, kalma guda ta yi ta nanata kanta, sai jiniya, sai a sake zubawa a guje. Dattawa kan ce hayaniya ce. Matasa kuwa a TikTok suka tsince shi, yawancinsa daga Legas, inda irin su DJ YK Mule da DJ Cora ke gutsuro maganar da ta yi tashe a bidiyo su ɗora ta a kan bugu mai sauri. Can suna kiransa Cruise.

Wannan somin taɓi ne in aka gwada shi da wanda Turawa ke kira Breakcore, kuma labarin wancan ya faro ne daga wani faifan garmaho na 1969.

A shekarar ne wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna The Winstons ta fitar da waƙar "Color Him Father". A bayan faifan suka sa wani kiɗa mara waƙa, "Amen, Brother". Can tsakiyarsa sai kowa ya yi shiru, aka bar mai ganga, Gregory Coleman, shi kaɗai na kimanin daƙiƙa bakwai. Ba a cika damuwa da wannan gutsure ba sai a 1986, da aka sake buga kiɗan a wani faifai na masu haɗa sauti. Mawaƙan N.W.A suka ɗauke shi a 1988. Matasan Landan, da yawansu 'ya'yan mutanen Jamaika, suka ƙara masa gudu a farkon shekarun 1990 ya zama Jungle. A Balin ta Jamus kuma Alec Empire, wanda ya kafa Atari Teenage Riot a 1992 don nuna adawa da masu aƙidar Nazi, ya zuba masa ihu da ƙarar da ke tsaga lasifika, daga irin wannan Breakcore ya fito. Fushin da ake ji a kiɗan da gangan aka sa shi.

Yadda ake yinsa bai fi ƙarfin ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta ba. Ya buɗe manhaja irin FL Studio, ya jawo gutsuren gangar, sautin ya fito a allo da tudu da kwari. Kowane tudu bugu ɗaya ne. Sai ya bi yana yankawa, ya ware na ƙasa daban, na sama daban, ya dawo da na ƙarshe farko, ya juya wani ya riƙa tafiya da baya, wani kuma ya jera shi sau goma sha shida cikin ƙiftawar ido har ya daina zama bugu ya koma gurnani. Aiki ne irin na tela mai haɗa riga da ƙyallayen da suka rage, kuma minti uku na kiɗa kan iya cinye kwanaki. Waƙoƙin rawa na Legas da ake ji a rediyo galibi bugu 100 zuwa 115 suke yi a minti. Jungle yana kai 160 zuwa 170. Breakcore kan haura 200.

Masu cewa babu gwaninta a ciki ya kamata su saurari aikin Aaron Funk na garin Winnipeg a Kanada, wanda aka fi sani da Venetian Snares. A faifansa na 2005 ya yanko gogen manyan makaɗan Turai irin su Bartók ya haɗa da gangar da ya farfasa, kuma sau da yawa yakan ƙirga bugunsa bakwai-bakwai maimakon huɗu-huɗu. Ƙafa na ruɗewa, amma kunne na gane cewa akwai lissafi.

Afirka ba ta jira an koya mata ba. A unguwannin talakawa na Darussalam ta Tanzaniya, irin su Tandale da Mburahati, masu kiɗan biki sun riƙa yanko sassan waƙoƙin Taarab suna hanzarta su don matan da ke kwana rawa, daga nan Singeli ya fito, wanda kan yi bugu 200 har zuwa 300 a minti. Kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kamfala ya tattara ayyukan wani ƙaramin situdiyo ya fitar da "Sounds of Sisso" a 2017, yau ga 'yan unguwannin nan irin su Bamba Pana suna wasa a Turai. Da kayan gidansu suka yi, abin da ya sa ake neman su ke nan.

A ƙasar Hausa ma na'ura ba baƙuwa ba ce. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan fiyanon lantarki a gidan rediyon Yamai, kodayake nasa mai sanyi ne, a hankali yake tafiya. Daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, a bukukuwa kuma DJ ya fara cin kasuwar mai kalangu. Abin da ya fi ban takaici a wannan sauyi shi ne gangar roba da ke cikin fiyano aka rungumo, alhali kalangu da ke lanƙwasa murya a hammata, da kotso, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, suna nan a kaset-kaset, kuma sun fi ta rai nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa sauraron yadda makaɗan Mamman Shata ke sarƙa bugu a Bakandamiya ya san akwai daƙiƙa bakwai masu yawa a ciki. A Samaru ɗin nan jami'a ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Sai dai yankan yana da haƙƙi. Gangar Coleman ta shiga dubban waƙoƙi, shi kuwa ko kwabo bai samu ba. Ya rasu a Atlanta a 2006 ba shi da matsuguni. Jagoran ƙungiyar, Richard Spencer, sai a 1996 ma ya ji abin da ake yi da kiɗansu, kuma sai a 2015 wasu masu kiɗa a Ingila suka yi karo-karo ta intanet suka tara masa fam 24,000. Shi mai waƙa ko ba komai ana tuna sunansa, amma mai riƙe da ganga a bayansa, a Amurka ne ko a Funtuwa, ba kasafai sunansa ke hawa bangon kaset ba.

Matashin Samaru ko Sabon Gari da ya yi niyyar yanko tsohon kaset zai tarar doka na gabansa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa na da masu su har ƙarshen 2069, kuma wajen magada ake neman izini.