Kircin Kunne: Tsakanin Sahihi da Jita-jita

Duk shekara idan hunturu ya sauko ƙasar Daura, iska ta taso daga wajen Zangon Daura da Mai'aduwa tana busar da leɓe da diddige, sai ka ga mutum zaune a majalisa ya karkata kai, ya lumshe ido, yana juya gashin kaza a kunne, alhali fatar kunnen ta yi ɓawo tana zuba kamar dusa. Wannan lalura ita ce kirci, kuma maganganu sun yawaita a kanta.

Masu cewa ana ɗaukarsa ta hanyar hula ko matashin kai ba su da hujja, domin ba ƙwayar cuta ke haddasa shi ba. Galibi rauni ne a ɗabi'ar fata, wanda akan gada, ko kuwa fatar ce ta ƙi wani abu, musamman ƙarfen nikel na 'yan kunne masu araha. Amma tsofaffin da ke cewa a shafa man kaɗanya sun yi daidai, shi da basilin, muddin a bayan kunne da leɓatunsa aka tsaya, ba a ɗura cikin rami ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne man kanti da ake yabo da cewa kwana biyu yake kashe ƙaiƙayi. Haƙiƙa yana kashewa, a nan kuwa fitinar take, domin da yawansu, har da mayukan bilicin, suna ɗauke da clobetasol, wanda idan aka dawwama a kansa yakan sirantar da fata, ranar da aka bari kuma ciwon ya dawo da fushi. Abin da likitoci suka saba farawa da shi, tun da aka jarraba shi a fata a Amurka cikin 1952, shi ne hydrocortisone mai sauƙi, na kashi 1 cikin 100, a shafa kaɗan na mako ɗaya ko biyu. Hatta maganin ɗigawa mai neomycin, wasu shi ke tayar musu da kircin.

Idan kuwa kunne ya fara ruwa ko mugunya, ko zafi, ko ji ya ragu, to sha'anin ya wuce na shafe-shafe, sai a nufi asibiti a leƙa dodon kunne kafin a ɗiga komai. Idan ya faskara, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.