Mai Turi a Suk al-Arabi

Jarinsa bai taka kara ya karya ba: tebur ɗaya, kwamfuta da ta sha jiki, na'urar ajiya biyu ko uku, igiyoyin caji a cukurkuɗe kamar saƙar gizo, da lasifika mai amo don jawo masu wucewa. A Kano mai turi muke ce masa. A Suk al-Arabi, kasuwar da ke tsakiyar Hartum daura da Babban Masallaci, kalmar da ake ji ita ce "tanzil", wato saukewa, kuma sau da yawa yana raɓe ne a shagon da aka rubuta wa "siyana wa barmaja", gyaran waya da saita ta. Haka na san sana'ar kafin watan Afrilun 2023, kuma a kan wancan zamanin nake magana.

Aikin a ido mai sauƙi ne. Ka miƙa masa memori ko waya, ka faɗi abin da kake so, ya zuba maka, ka biya. Amma ƙwarewar ba a zubawar take ba, a karanta mutum take. Direban motar haya da ya fito daga tashar Jakson zanig yake so, kiɗan nan mai zafi na samarin bayan gari. Dattijo mai farar jallabiya da rawani sai Muhammad Wardi ko karatun Alƙur'ani. Mai shayi da ke gefen titi tana jiran ci gaban wasan Turkiyya da aka mayar Larabcin Sham, irin wanda ya mamaye gidaje tun da tashar MBC ta nuna Noor a 2008. Wani kuma fim ɗin Indiya kawai, ko da bai ji kalma ɗaya ba. Mai turi na ƙwarai kafin ka buɗe baki ya riga ya buɗe ma'ajiyar da ta dace da kai.

Abin da ya ba sana'ar nauyi a Sudan fiye da sauran wurare shi ne takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a 1997. Shekara da shekaru manyan rumbunan manhaja a rufe suke ga mai waya a Hartum. An sassauta a kan kayan sadarwa a 2015, aka ɗage mafi yawan takunkumin a 2017. A tsakanin nan, wanda ya sayi sabuwar waya sai ya bi ta hannun mai barmaja kafin ta yi masa amfani. Ga tsadar data a layukan Zain, MTN da Sudani. Mutum ɗaya ya sauke da dare, ɗari su kwasa da rana. Da hukumomin soja suka katse intanet na waya bayan 3 ga Yunin 2019, fiye da wata guda, daga hannu zuwa hannu hotuna da bidiyo suka riƙa yawo, hanyar da wannan sana'a ta daɗe da koya wa mutane.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ma'ajiyar Hausa. Hausawan Sudan, waɗanda ake haɗawa da Fulani a ce musu Fallata, jikokin mahajjata ne da kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Yaron da aka haifa a unguwar Mayo, wanda bai taɓa ganin Dala ba, ta memori ya san fuskar Ali Nuhu, ya bi Labarina da Izzar So, har ya tsinci sababbin kalmomin Kano ya sa a Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ɗaliban Najeriya na Jami'ar Afirka da ke Hartum su ma sun zama 'yan aike ba da niyya ba, kowa ya dawo hutu da waya cike. Hanyar kuwa ba ɗaya ba ce. A'isha al-Fallatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, jinin Hausa ce, kuma kunnen Kano ya daɗe da sabawa da Sayyid Khalifa tun zamanin kaset.

Ba zan wanke mai turi tas ba. Mawaƙi da mai shirya fim ba sa ganin ko sisi daga abin da yake sayarwa, kuma 'yan Kannywood sun daɗe suna kuka da takwarorinsa na gida. Akwai kuma ma'ajiyar da ba ya buɗewa sai an yi masa raɗa. Sai dai masu cewa intanet ta mayar da duniya gari ɗaya sukan manta cewa ga talaka garin yana da mai gadi, kuma abin da mai gadin ya zaɓa shi unguwa za ta kalla.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 a Hartum ya fara, Suk al-Arabi na cikin wuraren da aka wawashe aka ƙona. 'Yan kasuwa suka watse zuwa Port Sudan, Atbara, Alƙahira. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka adana muryoyin shekara tamanin, ya zauna a hannun mayaƙan RSF masu faɗa da sojan ƙasar har zuwa Maris 2024. Don haka duk wanda ya tsira da tsohuwar na'urar ajiya ta mai turi, kada ya goge ta don ya sami wurin zuba sabon fim. Ya fara kwafe ta tukuna.