Yadda Ake Cire Busasshen Gam Daga Jikin Kwamfuta Ba Tare da An Ɓata Ta Ba

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙara shiga hannun jama'a a ƙaramar hukumar Buji. Ɗaliban Gantsa da kewaye masu karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da malaman makaranta, da masu shagon buga takardu, da yawansu ta hannu suke saye, ko dai a Dutse ko a Titin Beirut da ke Kano. Da wuya irin wannan kwamfuta ta rasa tabon gam: gurbin sitikar da aka ɓare, ko salatif da aka naɗe tsagewa da shi, ko ɗigon sufa gulu kusa da mahaɗin murfi. Zafin bazara ya narkar da danƙon, ƙurar hunturu ta zo ta hau kai, wurin ya yi baƙi ƙirin.

A nan ne wasu kan yi garin gyaran gira su rasa ido. Jikin yawancin waɗannan kwamfutoci an yi shi da wata roba da ake kira ABS, kuma abubuwan da suka fi saurin narkar da gam su ne dai suke cin wannan robar. Yawancin ruwan goge jan farce na ɗauke da sinadarin asiton. Da ya taɓa ABS sai wurin ya yi laushi, ya yi fari-fari, har sawun yatsa ya zauna a kai. Tina da fetur ma suna dusashe launi, su raunana robar har ta riƙa tsagewa daga baya. Reza da bakin wuƙa kuwa karce suke bari. Duk waɗannan tabo ne da ba ya goguwa.

Kafin a taɓa komai, a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir idan mai ciruwa ne. Kada a zuba ruwa ko wani abu kai tsaye a jikinta. A ɗiga a tsumma mai laushi, a matse, sannan a gwada a wani lungu na ƙarƙashinta a ga ko launi zai canza. Bayan nan sai a gane wane irin gam ne, domin kowanne da maganinsa.

Gam na takarda, irin wanda ake yi da ƙaro, ruwa ne maganinsa. Tsumma mai danshin ruwan ɗumi da ɗan sabulu ya isa.

Danƙon sitika da salatif ba ya jin ruwa, amma yana jin ɗumi da maiƙo. A fara murza shi da babban yatsa ko magogin fensir, zai riƙa dunƙulewa yana fita. In ya ƙi, a shafa ɗigon man gyaɗa ɗaya ko biyu, a bar shi kamar minti 10, sannan a kankare da gefen tsohon katin ATM, a kwantar da katin, kada a tsayar da shi. Daga nan a goge maiƙon da tsumma mai ɗan sabulu. Ragowar da ta saura, sipirit na kemis, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, zai ɗauke ta, amma kaɗan-kaɗan. A nisanta shi da gilashin allo da kuma murfin da aka yi wa shafe mai santsi kamar fata, domin yana iya saɓule shi.

Sufa gulu ne mai taurin kai. Masanin sinadarai Harry Coover ne ya gano shi a Amurka a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Danshin iska ne ke daskarar da shi, ya koma roba mai tauri da ta kama jikin kwamfutar ƙam. Asiton na narkar da shi, amma tare da murfin zai tafi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗora ɗan ƙyalle mai danshin ruwan sabulu mai ɗumi a kan ɗigon kaɗai, a bar shi minti 20 zuwa 30, sannan a tura gefen katin a ƙarƙashinsa a hankali. Yakan ɓalle ɓarɓashi-ɓarɓashi, kuma sai an maimaita. Idan sabo ne bai bushe ba, kada a kai masa auduga, domin haɗuwarsu na haifar da zafin da zai iya ƙona yatsa.

A kiyaye maiƙo da danshi daga maɓallai, da ramukan fanka, da kafofin caja da USB. Kada a shanya kwamfuta a rana ko a kusantar da ita ga garwashi wai don gam ya saki. Batirinta ba ya son zafi, yana iya kumbura. Sitikar da ke ƙarƙashi mai ɗauke da lambar kwamfutar kuma a bar ta, ana buƙatarta wajen neman kayan gyara.

Idan gam ya gangara cikin maɓallai ko mahaɗin murfi, aikin ya wuce na gida, sai a kai wa mai gyara. Haka ma idan mahaɗin ne ya tsage tun farko. Yawanci tauri ne ya yi masa yawa har ya fizge robar da ke riƙe da shi, don haka ko an ɗura sufa gulu, zai sake ɓallewa. Mai gyara zai sassauta shi, ya canza murfin da ya fashe.